Hajiya ta hana a ɗebi ruwan bayan jikanta

Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa bakwai. Ya yi watanni yana fama da ciwon kai da amai da sassafe, muna ta ba shi maganin maleriya da taifot, sai da ya fara tafiya yana layi sannan aka yi masa hoton kai, aka ga ƙari a wajen ƙeyarsa. An yi masa tiyata kwana tara da suka wuce, sakamako ya fito cewa kansa ce, wato ciwon daji, a takardar sun rubuta medulloblastoma. Yanzu likitoci sun ce mako mai zuwa za su ɗebi ruwan ƙashin bayansa su auna kafin a fara gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura. Surukata ta ce ba da yawunta ba. Autanta ya rasu a annobar sanƙarau ta 1996, kwana guda bayan an ɗebi ruwan bayansa, kuma har gobe ta yi imani ɗibar ruwan ce ta kashe shi. Ta ce in yaron bai mutu ba ma zai shanye. Maigida ya rasa yadda zai yi, ba ya son saɓa wa mahaifiyarsa. Ga yayana da ke Ingila ya turo mini labarin wani sabon gwaji na DNA da ake yi a waje, ya ce mu dakata da komai mu haɗa kuɗi mu fita da yaron. Ni dai kaina ya kulle. Mene ne abin yi?

Daga wata uwa a Kano

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya tashi kafaɗun yaron nan, Ya ba ku juriyar jinya.

Amsata a taƙaice ita ce a ɗebi ruwan, kuma a ɗebe shi a ranar da likitocinsa suka tsayar. Sauran bayanin da zan yi, domin ki samu abin faɗa ne idan an zauna, kuma domin ke kanki hankalinki ya kwanta, don na lura a wasiƙarki maganar Hajiya ta ɗan shige ki.

Kada ki ɗauki Hajiya a matsayin mai taurin kai. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Annobar 1996 ba ƙaramin abu ba ce: a Najeriya an ƙirga mutum sama da 100,000 da suka kamu, sama da 11,000 suka rasu, kuma Kano na cikin inda abin ya fi tsanani. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200 a Kano, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su wani maganin, 11 suka rasu a cikinsu, shari'ar da sai a 2009 aka sasanta ta da gwamnatin jiha. Duk uwar da ta ga wannan zamanin da idonta, in ta ji an ce allura a bayan yaro gabanta ya faɗi, ba ta yi laifi ba. Inda lissafinta ya karkace shi ne wajen gano abin da ya yi kisan. Sanƙarau cuta ce da take iya ɗauke yaro lafiyayye cikin kwana ɗaya. Yaran da ake ɗibar ruwan bayansu a lokacin annoba su ne waɗanda aka kawo a sandare, wuya ya ƙage, jiki zafi zau. Sai allura ta zama abu na ƙarshe da iyaye suka gani kafin rasuwa, laifin ya hau kanta. Da yawa an rasa su a gida ba tare da allura ta taɓa su ba, amma su ba a ba da labarinsu haka.

Shi wannan ruwan, garai yake kamar ruwan sha, ƙwaƙwalwa da laka suna cikinsa tsundum. A cikin ƙwaƙwalwa ake sarrafa shi, ya gangaro ta cikin ƙashin baya, ya koma. Babban mutum yana ɗauke da kimanin mililita 150 a kowane lokaci, amma jikinsa yana yin kusan mililita 500 a kullum, tsohon yana komawa cikin jini sabo yana maye gurbinsa. Abin da za a ɗiba a jikin ɗanki bai wuce cikin cokalin shayi ɗaya ko biyu ba. Kamar guga ɗaya ne a rijiya mai idon ruwa, kafin ku bar ɗakin ya kusa cikowa. Don haka maganar da ake yi cewa an zuƙe wa yaro ruwan jiki ya bushe, ko an raba shi da ƙarfin bayansa, ba ta da tushe.

Batun shanyewa kuma, lakar da take saukowa daga kai ba ta kai ƙarshen ƙashin baya ba. Tana tsayawa ne a saman ƙugu, wajen gaɓa ta farko ko ta biyu ta ƙasan baya. Allurar kuwa ƙasa da nan ake shigar da ita, daidai layin da ya haɗa saman ƙasusuwan kwatangwalo biyu, inda babu laka sai silin jijiyoyi da suke lilo a cikin ruwa, in allura ta zo su kauce. Wani likitan Jamus, Heinrich Quincke, shi ya fito da wannan hanya tun 1891, kuma ana yin ta kullum a asibitocinmu. Ga misalin da Hajiya za ta fi ganewa: allurar baya da ake yi wa mata idan za a yi musu tiyatar haihuwa, wurin ɗaya ne, kuma cikin ruwan nan ɗaya ake zuba maganin. Ki duba danginku, da wuya a rasa mace biyu ko uku da aka yi wa, ga su nan suna hidimarsu da ƙafafunsu.

Amma kada in yi miki rufa-rufa, akwai lokacin da ɗibar ruwan baya take da haɗari na gaske, kuma a nan tsoron Hajiya yana da ƙamshin gaskiya. Idan ƙari yana nan a kai ya toshe hanyar ruwa, matsi ya taru a cikin ƙoƙon kai, to in aka buɗe wa ruwa hanya daga ƙasa ƙwaƙwalwa tana iya zamowa ta danne wurin da yake riƙe da numfashi. Wannan yana kisa. Shi ya sa kika ga ba a ɗebi ruwan ɗanki kafin tiyata ba, aka bari sai da aka cire ƙarin. Tambayar da nake so maigida ya yi wa likitan tiyatar, a gaban Hajiya in da hali, ita ce: hoton da aka yi bayan tiyata ya nuna matsin ya sauka, hanyar ruwa ta buɗe? In ya ce eh, babban haɗarin ya kau. Abin da ya rage su ne a tabbatar jininsa yana daskarewa yadda ya kamata, kuma babu ƙurji ko miki a fatar wurin. Jiran kwana 10 zuwa 14 da suke yi bayan tiyata shi ma da dalili: aikin yana barin jini da ɓurɓushi a cikin ruwan, in aka yi gaggawar aunawa za a iya ganin ƙwayoyin kansa da aikin ne kawai ya watso su, a yi wa yaro hukuncin da ba nasa ba.

To me ya sa ba za a haƙura da gwajin ba, tunda an riga an cire ƙarin kuma an san sunansa? Nan ne zuciyar maganar. Wannan nau'in shi ne kansar ƙwaƙwalwa da ta fi yawa a yara, yana tsirowa a ɓangaren baya na ƙwaƙwalwa mai kula da daidaiton tafiya (shi ya sa yaron ya riƙa layi), dab da inda ruwan yake wucewa. Ɗabi'arsa ce ya riƙa sakin ƙwayoyinsa cikin ruwan, su bi shi su gangara, su je su kafu a jikin laka. Kimanin yaro ɗaya cikin uku, kafin a gano ciwon hakan ta riga ta faru. Hoton MRI na ƙashin baya yana nuna waɗanda suka kafu har suka yi girma. Waɗanda suke yawo a ruwa kuwa hoto ba ya ganinsu, sai an juya ruwan a na'ura, an shafa abin da ya kwanta a kan gilashi, masani ya duba da madubin lab. Saboda haka ake yin biyun, hoto da ruwa, kowanne yana kama abin da ya kuɓuce wa ɗayan. In ba a yi wa ɗanki hoton ƙashin baya gaba ɗaya ba, ki tambaya. A takardar sakamako za ki ga ɗaya daga cikin waɗannan: M0 na nufin ba a ga yaɗuwa ba, M1 na nufin an ga ƙwayoyin a ruwa kawai, M2 da M3 na nufin sun kafu a kai ko a laka.

Wannan sakamakon, haɗe da yawan abin da ya rage bayan tiyata da irin kamannin ƙarin a lab, shi yake yanke yawan gashin da za a yi. Yaron da ya haura shekara uku ana gasa masa kai da ƙashin baya duka ko ruwan ya fito da tsabta, domin rashin ganin ƙwaya ba ya nufin babu ita kwata-kwata. Bambancin a awo yake. Wanda ciwonsa bai yaɗu ba, awon da aka saba shi ne girei (ma'aunin yawan gashi) 23.4 a kai da baya, wanda ya yaɗu kuwa 36, sannan dukansu a ƙara wa gurbin ƙarin har ya kai wajen 54. Kada ki ga tazarar kamar kaɗan ce. Gashi a ƙwaƙwalwar ɗan shekara bakwai yana taɓa kaifin karatunsa, da tsayinsa, da sinadaran girma, kuma iya yawansa iya tasirinsa. In aka hana ɗibar ruwa, an bar likita da zaɓi biyu marasa daɗi: ko ya ba da ƙaramin awo alhali ƙila ciwon ya yaɗu, ya dawo bayan shekara ɗaya ko biyu, wanda in ya dawo maganinsa yana da matuƙar wuya, ko ya ba da babban awo don kariya, yaron ya ɗauki nauyin da ƙila bai zama dole ba har ƙarshen rayuwarsa. Ni a wurina wannan ita ce hujjar da ta fi kowace, kuma ita nake so Hajiya ta ji: gwajin nan yana iya zama dalilin da za a sassauta wa jikanta wuta.

Sai maganar yayanki. Labarin da ya turo miki gaskiya ne, ba ƙanzon kurege ba. Ƙwayoyin kansa idan suka mutu suna zubar da gutsattsarin DNA ɗinsu, wato sinadarin gadon da ke cikin kowace ƙwaya. Na kansar huhu ko hanji ana iya tsintarsu a jini, amma ƙwaƙwalwa tana da shinge tsakaninta da jini, shi ya sa nata ba sa fitowa sosai a jini, sai a ruwan laka. A 2019 masu bincike a asibitin Memorial Sloan Kettering na New York sun auna ruwan manya 85 masu wata kansar ƙwaƙwalwa da ake kira gilayoma, suka samu DNA ɗin ƙarin a 42 daga ciki. A 2021 asibitin yara na St. Jude da ke Memphis a Amurka ya fitar da bincike a kan yara 123 masu irin ciwon ɗanki, inda aka riƙa bibiyar ruwansu lokaci bayan lokaci. A kusan rabin waɗanda ciwon ya dawo musu bayan ya lafa, alamar ta bayyana a ruwa watanni kafin hoto ya nuna komai. Abin farin ciki ne, kuma ina sa ran nan gaba da shi za a riƙa sa ido a kan yara bayan magani.

Sai dai ki lura da abu biyu. Na farko, shi ma sabon gwajin da allurar baya ake ɗibar ruwansa, ba sau ɗaya ba ma, sau da yawa. Wato ko kun je bangon duniya, maganar Hajiya tana nan tana jiranku. Na biyu, har yanzu galibi a fagen bincike yake da wasu manyan cibiyoyi ƙalilan, kuma tsarin maganin da aka tabbatar yana aiki an gina shi ne a kan hoto da duban ƙwayoyi a madubi, waɗanda za a yi muku a nan gida. Abin da ya fi damuna a shawararsa shi ne kalmar "dakata". Ana so a fara gashi cikin makonni huɗu zuwa shida bayan tiyata, kuma jinkiri yana rage nasara. Kafin a yi fasfo, a samu biza, a sayar da fili, a canji dala, lokacin ya wuce. In yayanki yana da abin taimako, ki gode masa ki nuna masa inda kuɗin zai yi aiki: kuɗin gashi, da masauki na kusan mako shida a garin da za a yi shi, da magungunan kemo masu kashe ƙwayoyin ciwon da za su biyo baya na tsawon watanni. Kuma in wani dillalin asibitocin waje ya ce muku akwai gwajin da zai raba yaron da gashi ko kemo, ku riƙe aljihunku.

A kan maganar gida, ke suruka ce, kada ki tsaya gardama da Hajiya baki da baki. Ko kin fi ta hujja, abin da zai saura a zuciyarta shi ne matar ɗanta ta mayar mata da magana a kan ɗan da ta binne. Aikin maigida ne, kuma kada ya je shi kaɗai. Ya nemi wanda take jin nauyinsa, ƙaninta ko yayarta ko limamin da take girmamawa, a fara yi masa bayani shi ya gamsu, sannan su je tare. Kada a buɗe da cewa ta yi kuskure a kan marigayin. A yi masa addu'a, a bar ta ta ba da labarinsa har ta gama, domin ƙila shekaru kusan talatin ba wanda ya zauna ya saurare ta a kai. Daga nan a roƙe ta ta zo asibiti ta yi wa likita tambayoyinta da bakinta. Ku sanar da likitan tun da wuri, ku nemi wanda zai yi mata bayani da Hausa, a zaune, ba a tsaye a baranda ba. Dattawanmu sau da yawa abin da yake ɓata musu rai shi ne a yanke magana a bayan idonsu. A ba ta nata aikin: ita za ta yi masa tofi kafin a shiga da shi, ita za ta zauna kusa da shi idan an fito.

Akwai wata dabara da nake so ki yi kafin ranar. Yaran da aka yi wa tiyata a wannan ɓangaren sukan yi makonni ko watanni suna layi, hannu yana rawa, ido yana karkacewa, wasu ma magana takan ɗauke musu na ɗan lokaci bayan aikin. Ki ɗauki bidiyonsa a waya yau ko gobe, yana tafiya daga gado zuwa ƙofa, yana kai cokali baki, yana faɗin sunansa, kuma Hajiya tana wurin. In ba haka ba, duk tangaɗin da ya yi bayan allurar za a ce ga abin da ake gudu, alhali da shi ya shiga.

In ranar ta zo Hajiya ba ta sauko ba fa? Ku sa hannu. Haƙƙin yana wuyan uba da uwa, a asibiti da wajen Allah. Maigida ya gaya mata da ladabi kafin a yi, kada ta tsinci labarin a bakin wani. Fushin uwa a kan irin wannan yana hucewa, musamman in ta ga jikanta ya farka yana neman shayi.

Ranar gwajin, yawanci ana ba yaro kamarsa maganin barci ko na kwantar da jiki, saboda haka za a ce kada ya ci kada ya sha na wasu awanni. Wannan hanin ya haɗa da rubutu da zamzam da zuma, kuma ki faɗa wa masu zuwa dubiya a fili, don abin da yake ciki yana iya komawa huhu idan yaro yana cikin barcin magani. Duk abin da ake ba shi a gida, na asibiti ko na gargajiya, ki lissafa wa likita. Za a kwantar da shi a gefe ɗaya, gwiwoyi a ƙirji, a wanke bayan da magani mai launin ruwan goro, a kashe wurin, a shigar da siririyar allura, ruwan ya riƙa ɗiga cikin 'yan kwalabe. Duka-duka bai fi minti ashirin zuwa talatin ba. Ku roƙa a yi da safe a ranar aiki, kuma ku biya kuɗin lab rasit yana hannu tun kafin a fara, domin ƙwayoyin da ake nema suna lalacewa da sauri idan kwalba ta zauna a kan tebur ana neman wanda zai je layin biya. Yammacin Juma'a ba lokacin wannan gwajin ba ne. Idan likita ya ce sakamakon bai fito sarai ba yana so a maimaita, ba wani abu aka ɓata ba, hakan yana faruwa.

Bayan an gama yana iya yin ciwon kai mai tashi idan ya zauna ko ya miƙe, ya lafa idan ya kwanta. Kwanciya da shan ruwa da farasitamol sukan wadatar, yana wucewa cikin 'yan kwanaki. Wurin allurar ma zai ɗan yi tsami. Abubuwan da ba a jira da su sai safe su ne zazzaɓi, ƙagewar wuya, amai ba ƙaƙƙautawa, barcin da ba a iya tashinsa, jijjiga, ruwa yana tsattsafowa daga wurin allura ko wurin ɗinki, sabon rauni a ƙafa, ko kasa fitsari.

Ko da sakamako ya zo M1, kada ki yanke ƙauna. A asibitocin ƙasashen da ake samun cikakken magani a kan lokaci, kimanin yara 8 cikin 10 da ciwonsu bai yaɗu ba suna haye shekara biyar, kuma ko a cikin waɗanda ya yaɗu fiye da rabi suna hayewa. A nan abin da ya fi ja mana baya shi ne jinkiri da yankewar magani a tsakiya. Saboda haka kada ku jira sakamakon ruwa kafin ku fara neman gurbin gashi. Ku karɓi takardar turawa a wannan makon, wani ɗan'uwa ya fara buga waya cibiyoyin da ake yi, irin su Babban Asibitin Ƙasa na Abuja da asibitocin koyarwa na Shika (Zariya) da Sakkwato, ya tambayi abu uku: injin yana aiki yanzu, suna gasa wa yara kai da ƙashin baya gaba ɗaya, kuma yaushe za a samu layi.